MARIGAYI ALHAJI ALHASAN ƊANTATA: MARAYAN DA YA MAI DA WAHALA JARI

Duk wanda ya san Kano ya san sunan Ɗantata. In aka ambace shi, abin da ya ke fara faɗowa mutane a rai shi ne dalar gyaɗa da raƙuman da suka kai kuɗinsa banki. Wannan kuwa ƙarshen labarin ne. Mu yau farkonsa mu ke so mu bi da masu karatu, domin a nan ne abin koyi ya ke. Alhaji Alhasan ya rasu tun 1955, amma hanyar da ya bi har ya kai inda ya kai tana nan a buɗe ga manomi da ɗan kasuwa da ma'aikaci, watau kada mutum ya bar wani abu ya same shi, mai daɗi ko marar daɗi, ba tare da ya fita da wata riba daga cikinsa ba.

Asalinsa

An haifi Alhasan a garin Bebeji, kudu da birnin Kano, a shekarar 1877. Mutanen gidansu Agalawa ne, waɗanda suka yi suna wajen fataucin goro tun kaka da kakanni. Ubansa, Madugu Abdullahi, shi ke jan ayari zuwa Gwanja. Uwarsa ma, wadda a ke kira Amarya, 'yar kasuwa ce mai abin hannunta. Wanda ya ga yaron a lokacin nan sai ya ce ai wannan ya gama sa'a, tun da ya buɗe ido a cikin wadata.

Allah da ikonsa, yana da kamar shekara takwas sai uban ya rasu. Aka raba gado tsakanin 'ya'ya masu yawa, ɗan abin da ya samu bai je ko'ina ba ya ƙare. Uwar kuma ta tashi ta koma Ankara, can bakin teku a ƙasar da a ke kira Gana yanzu, ta ci gaba da cinikinta. Ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwa ta gidan, sunanta Tata. Ita ta rene shi, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata. Sunan nan da ya cika Nijeriya, wanda a ke rubutawa a jikin kamfanoni da motoci, sunan baiwa ne. Alhasan kuwa bai taɓa neman ya kankare shi ba bayan ya yi arziki, da shi ya rayu, shi ya bar wa zuriyarsa.

Asusun ƙuruciya

Aka sa shi makarantar allo nan Bebeji. Ɗan madugu ya koma almajiri, yana yi wa malaminsa hidima, yana neman abin da zai ci da wanda zai sa da guminsa. A wannan hali ne Tata ta koya masa tanadi. Ya sami asusu, duk ɗan abin da ya shigo hannunsa sai ya ci wani ya jefa wani. A zamanin nan wuri a ke kashewa, ba a san sule da kwabo ba tukuna, kuma abin da almajiri zai tara a wata bai taka kara ya karya ba. Amfanin asusun yana ga abin da ya koya wa mai shi. Yaron da ya saba riƙe wuri goma alhali yana jin yunwa, in ya girma zai iya riƙe fam dubu alhali kasuwa tana kiransa. Da yayyafi kogi kan cika.

Tafiya wurin uwa

Da ya kai kamar shekara goma sha biyar, sai ya bi ayarin Gwanja don ya je ya ga uwarsa. Tafiyar Gwanja ba wasa ba ce a wancan zamani. Fatake kan tashi da jakuna da 'yan alaro, ɗauke da kanwa da turkuɗi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, suna biyan fito da kuɗin hanya ga kowane sarki, suna kwana cikin tsoron 'yan fashi. Wata da watanni a ke yi kafin a isa kasuwannin goro. Yaron ya jure duk wannan har ya kai Ankara, yana tsammanin uwarsa za ta rungume shi ta ba shi jari. Da ya isa sai ta kai shi wurin wani malami ta ajiye, ya ci gaba da zaman almajiranci a baƙuwar ƙasa, har ranar da ya kama hanyar gida.

Wani yaron da wannan ya sama, da baƙin ciki kaɗai zai komo, ya yi ta ba da labarinsa har tsufa. Alhasan ya komo da hanyar Gwanja a kansa, zango bayan zango. Ya ga inda goro ya ke fitowa da yadda a ke ɗaure shi cikin ganye don kada ya bushe. Abin da ya fi duka, ya ga teku, ya ga jiragen ruwa na Turawa suna sauke kaya suna ɗauka. A lokacin nan kaɗan ne cikin samarin ƙasar Kano suka taɓa ganin haka. Ya ajiye abin a zuciya, bai san ranar da zai yi masa amfani ba.

Basasa

Bai daɗe da komowa ba sai ƙasar Kano ta rikice. Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa ɗansa Tukur, su kuwa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi suka ƙi, suka fita tare da Yusufu. Aka gwabza yaƙin nan da a ke kira Basasa, har Alu Babba ya shiga birni a 1894. Agalawa da yawa suna gefen Tukur, saboda haka da aka ci su abin ya shafe su ƙwarai. Aka washe dukiya, aka kama mutane. Alhasan da 'yan'uwansa biyu, Bala da Sidi, suna cikin waɗanda aka kama aka bautar. Daga baya suka fanshi kansu suka koma Bebeji.

To, jama'a, a duba. Kafin ya cika shekara ashirin ya ga mutuwar uba, ya ga ƙarewar gado, ya ga juyawar uwa, ya ɗanɗana bauta. A ganinmu, a nan ya gane cewa dukiyar da ke cikin rumbu ana iya kwashe ta dare ɗaya, amma sanin hanya da sanin lissafi da amanar da mutane suka ba ka, ba mai washe su. Wanda ya bi rayuwarsa daga nan har ƙarshe zai ga waɗannan ukun ya fi tarawa.

Hanyar teku

Da ƙura ta lafa sai ya kama sana'ar iyayensa. Ya fara kaɗan-kaɗan, yana kai kaya kudu yana komowa da goro. Nan ne abin da ya gani yana yaro ya yi rana. Goro ɗanyen kaya ne, kowace rana da ya ƙara a hanya hasara ce ga mai shi. Maimakon ya bi tsohuwar hanyar jakuna, sai ya riƙa loda goronsa a jirgin ruwa daga gaɓar Gwalkwas zuwa Ikko, daga can a yi arewa da shi. Yana cikin mutanen Arewa na farko da suka yi haka. Jirgin ƙasa ya riga ya haɗa Ikko da Badun tun 1901, ya kuwa iso Kano a 1911. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Waɗanda suka manne wa tsohuwar hanya don ita suka gada, sai suka ga kasuwa ta wuce ta bar su.

Bai tsaya ga goro kaɗai ba. Ya shiga cinikin duwatsun ado da tsakiya da yadin Turawa. Zamansa a bakin teku ya sa ya ji ɗan Turanci, ya kuma ga yadda kantunan Turawa su ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Shi ma ya ɗauki wannan ɗabi'a. Daga baya ya tare a birnin Kano, ya gina gidansa a wajen Ƙoƙi da Sarari. Matarsa Umma Zariya ta riƙe masa cinikin cikin gidaje, inda namiji ba ya shiga, tana sayar wa matan kulle kayan ado.

Gyaɗa

Da jirgin ƙasa ya iso Kano, Turawa auduga suka sa rai za su samu. Manoma kuwa suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi kuɗi, ga ta kuma ana ci in shekara ta ɓaci, ga haraji ana nema da tsabar kuɗi. A Turai ana bukatarta don mai da sabulu. Tun daga 1912 kamfanonin Turawa suka nemi manyan attajiran Kano, irin su Umaru Sharubutu Ƙoƙi da Maikano Agogo, su riƙa saya musu. Alhasan bai shiga da wuri ba. Sai a 1918 Kamfanin Neja ya neme shi, wanda daga baya, a 1929, ya haɗu da wani ya zama U.A.C.

Ko da ya ke ya zo a baya, cikin 'yan shekaru ya wuce na gaba, har ya zamana wajen 1922 ba attajirin da ya kai shi a Kano. Dalilin a fili ya ke. Yana da jarin da ya tara da kansa. Yana jin maganar Bature, yana kuma riƙe da lissafi, saboda haka ba a cutarsa a ma'auni ko a takarda. Sa'an nan yana da mutane. Tsarin nan na fataucin goro, inda maigida ya ke ba yaransa jari su bazu cikin ƙasa su komo su yi lissafi, shi ya ɗauko ya ɗora a kan gyaɗa. Yaransa suka shiga ƙauyuka da kuɗinsa tun kafin kaka, gyaɗa ta riƙa kwararowa Kano a kan jakuna da raƙuma. Da ta fi ƙarfin jirgin ƙasa, sai aka riƙa jera buhuna dubbai ana tayar da su sama kamar dutse, abin da aka sani da dalar gyaɗa, wadda har yau ba a raba ta da sunansa.

A 1929 Bankin B.B.W.A. ya buɗe reshe a Kano. Mutane da yawa suna ɗari-ɗari da shi, sun fi yarda da tukunyar da a ke binnewa a ɗaka. Alhasan ya kai nasa kuɗin azurfa, kayan raƙumi ashirin. Mutumin da ya ga yadda aka washe gidaje a Basasa ya san iyakar tsaron da tukunya ta ke bayarwa. In an lura kuma, asusun nan ne na Tata ya girma.

Halinsa da rasuwarsa

Duk da wannan dukiya, an san shi da sauƙin rayuwa da ƙin almubazzaranci, da kuma duba lissafinsa da kansa. Ya sauke farali a shekarun 1920 ta jirgin ruwa, ya kuma biya wa mutane da dama suka je. Ya riƙa taimakon malamai da almajirai da gajiyayyu, domin ya san zafin yunwar almajiri a cikinsa. Kusa da ƙarshen rayuwarsa ya sami lasin sayen gyaɗa da sunan kansa, abin da a da kamfanonin Turawa suka kankane.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya tara 'ya'yansa da manyan yaransa, ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su wargaza kamfanin su raba. Wanda ya tuna yadda gadon Madugu Abdullahi ya narke bayan an rarraba shi, ba zai yi mamakin wannan wasiyya ba. Shekara saba'in bayan abin ya faru, bai manta da darasin ba. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ran 17 ga watan Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa na Sarari. 'Ya'yansa, Ahmadu da Sanusi da Aminu da sauransu, suka riƙe gidan. Alhaji Aminu ya rayu har 2025. Alhaji Aliko Ɗangote kuwa jikan Alhaji Sanusi ne ta wajen uwa. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, amma gidan yana nan tsaye.

Abin da za mu ɗauka

Ba mu ce duk wanda ya yi asusu zai zama Ɗantata ba. Arziki na Allah ne, kuma shi ya zo daidai lokacin da jirgin ƙasa da gyaɗa suka buɗe ƙofar da ba kullum ta ke buɗewa ba. Sai dai mu tuna, marayu nawa ne a Bebeji a zamaninsa? Mutum nawa aka kama a Basasa? Fatake nawa suka tsaya a gaɓar Ankara suka kalli jiragen nan? Dukansu sun ga abin da ya gani, sun sha abin da ya sha. Bambancinsa da su shi ne, kowane abu ya wuce ta kansa sai ya tsaya ya duba abin da ya bar masa, ya adana, har ranar bukata ta zo.

Sau da yawa mukan ji samarinmu suna kukan rashin jari, suna zaune suna jiran wani ya ba su. Muna roƙonsu su yi lissafin abin da ke hannunsu tukuna. Wanda ya yi yaron mota ya san hanya da farashin kowace kasuwa. Wanda ya taɓa karyewa a ciniki ya san ramin da ya faɗa, ba ya bukatar a nuna masa. Wanda aka ci amanarsa ya san irin mutumin da ba a ba ajiya. Duk wannan jari ne, an kuwa riga an biya kuɗinsa da wahala. Hasara ita ce mutum ya biya ya tafi ya bar kayan a kasuwa.

Allah ya jiƙan Alhaji Alhasan Ɗantata, ya jiƙan Tata da ta rene shi, ya sa mu amfana da abin da kwanakinmu su ke koya mana, amin.