Samanja Chari Maigumeri: sojan da Jamus da Ingila duk suka rataya wa lambar yabo

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin gida da Kurmi ya san Lakwaja, ko don tsayawar sallah da cin kifi. Na yi shekaru ina ratsa garin ina jin ana ambaton barikin soja na Chari Maigumeri, ban taɓa tambayar ko wane ne mai sunan ba. Abin da ya sa na nemi labarinsa wata tsohuwar akwatin ƙarfe ce ta kakanmu, Allah ya jiƙansa, wadda muka buɗe a nan Sabo, Ibadan, bayan rasuwar gwaggonmu. A ciki muka tarar da lambobin yaƙi guda uku, waɗanda tsofaffi ke kira minda, da wani ɗan littafi da gara ta fara ci. Saura kaɗan wani ƙanena ya haɗa su da tsofaffin tukwane ya miƙa wa 'yan gwangwan. Wallahi da na makara da rabin awa, da shi ke nan.

Garin neman sanin ma'anar lambobin nan ne na ci karo da tarihin Chari, kuma na ga ya dace 'yan uwa su ji shi.

Chari ya fara aikin soja ne wajen Jamusawa, lokacin da Kamaru ke hannunsu. Ya shiga a 1913 yana ɗan saurayi. Shekara ɗaya bayan haka Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, sai ya tsinci kansa yana harbin sojojin da suka ƙetaro daga Najeriya ƙarƙashin Turawan Ingila. Jarumtar da ya nuna ta sa Jamusawa suka ba shi lambarsu da ake kira Iron Cross, wato gicciyen ƙarfe. A watan Yuni na 1915 sansanin Jamus na Garwa, a bakin kogin Binuwai, ya faɗi, aka kama Chari cikin fursunonin yaƙi.

A 1917 ya sa kakin waɗanda suka kama shi, ya shiga rundunar Najeriya ta sojojin Afirka ta Yamma, aka tura su Gabashin Afirka su yaƙi Jamusawa, iyayen gidansa na jiya. Wani zai ce wannan ai cin amana ne. To amma a tuna, yaƙin na Turawa ne, su suka ja iyakar, su suka yi faɗan a kanta. Ga talakan wancan zamani soja sana'a ce, kamar fatauci ko dako.

Daga nan ya riƙa hawa: saje, samanjan kamfani, har a 1928 ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. A lokacin nan ne ƙarshen tsani ga baƙar fata, domin hafsoshi duk Turawa ne. Kuma Hausa ce harshen bariki, da ita ake ba da umarni, har hafsoshin sai sun koye ta. Saboda haka babban samanja shi ne gada tsakanin Bature da sojoji, shi ne uba, shi ne alƙalin cikin gida.

Da yaƙin Hitila ya zo, Chari ya riga ya manyanta, amma da shi aka tafi. Birged ɗin Najeriya ya shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, daga nan ya fatattaki sojojin Italiya har Harar ta ƙasar Habasha, tafiyar fiye da mil 1,000 cikin kusan wata ɗaya. A wannan yaƙi ne Ingila ta ba shi lambar jarumta ta Military Medal, wadda ake taƙaitawa MM. Bayan nan aka wuce da su Bama, inda rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, suka gwabza da Japanawa cikin dazuzzuka da ruwan sama da zazzaɓi. A 1944 aka ƙara masa lambar BEM. Ya yi ritaya a 1953, bayan shekara 36 a kakin Ingila, aka karrama shi da muƙamin kyaftin na girmamawa.

To, jama'a, ga abin da ya tsaya mini a rai. Dubban mazan jiya sun je inda Chari ya je, sun sha wuyar da ya sha. Me ya sa shi muke iya bin sawunsa shekara bayan shekara, su kuwa sun ɓace? Takarda ce. Lambobin jarumta irin MM da BEM na azurfa ne, ana buga sunan mai su da lambarsa ta soja a gefensu, kuma ana shelar su a jaridar gwamnatin Ingila, London Gazette, wadda yau ana iya bincikarta kyauta a intanet. Takardun da kwamandoji suka rubuta don neman a ba soja irin wannan lamba a yaƙin Hitila suna ajiye a ma'ajiyar tarihi ta Kew da ke Landan.

Lambobin da ke akwatin kakanmu ba haka suke ba. Taurarin Yaƙin Duniya na Biyu, irin Tauraron Afirka da Tauraron Bama, an raba su ne ba suna a jiki. Ana gane su da rubutun da ke fuskarsu da kuma ƙyallen da aka rataye su da shi: na Bama shuɗi ne mai duhu da ja a tsakiya da siraran layuka ruwan lemo, na Afirka kuwa ruwan ƙasa ne mai haske da ja a tsakiya. Idan aka raba tauraro da takardun mai shi, ya zama guntun tagulla kawai, ba wanda zai iya cewa na wane ne. Ashe ɗan littafin nan da gara ta fara ci, littafin sallama daga soja, ya fi lambobin daraja, don a cikinsa aka rubuta lambar kaka da bataliyarsa.

Lambar soja ita ce mabuɗi, ba suna ba. Akawun bariki yakan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan gari, sai ka tarar da Musa Kano ko Garba Sakkwato barkatai a bataliya guda, wasu ma ba 'yan garin ba ne. Shi kansa Maigumeri, kunnen Bahaushe zai ji Magumeri ta ƙasar Borno a cikinsa. Ga rubutun Bature da ke murɗe suna yadda ya ga dama. Wanda kakansa bai dawo ba, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen Kwamanwal tana da jerin sunaye a intanet, kuma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon an sassaƙa sunayen mutanenmu da ba a ga gawarsu ba.

Mu mazauna Kurmi wannan tarihi namu ne kai tsaye. Tushen sojan Najeriya shi ne ƙaramar rundunar Hausawa da Glover ya kafa a Ikko a 1863, kuma akwai gidaje a unguwanninmu da asalin zamansu kaka ne ya gama soja ya ƙi komawa.

Don haka ina roƙo. Wanda ke da irin wannan akwati, kada ya goge lamba da toka ko yashi, kada ya cire mata ƙyalle ko da ya koɗe, kada ya raba ta da takardunta. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a tura wa dangi. A zauna da tsofaffin gida a rubuta abin da suka sani tun suna raye. 'Yan uwanmu masu sana'ar gwangwan kuma, in irin wannan ta faɗo hannunku, don Allah ku duba gefenta kafin ta hau sikeli.

Namu yanzu suna cikin gilashi a falo, lambobi uku da hoton shafin farko na littafin. Rannan ɗana ƙarami ya tsaya yana haddace lambar kakan-kakansa. Allah ya jiƙan mazan jiya, ya sa mu cika da imani.