Jane Addams: Matar da gidanta ya zama makarantar horar da shugabanni

A tarihin ayyukan jinƙai a Amurka, da wuya a samu sunan da ya kai na Jane Addams. An fi tuna ta da lambar yabo ta Nobel, amma babban gadon da ta bari shi ne matasan da suka yi zaman koyon aiki a gidan hidimar da ta kafa, suka fito suka riƙe manyan hukumomi.

An haife ta a ranar 6 ga Satumban 1860 a ƙauyen Cedarville da ke jihar Illinois. Mahaifinta, John Addams, attajiri ne mai injinan niƙa, ɗan majalisar dattawan jiha, kuma abokin Abraham Lincoln. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara biyu, sannan ciwon ƙashin baya ya kama ta tun tana ƙarama, ya bar ta da lalurar da ta bi ta har ƙarshen rayuwa. Ta kammala kwalejin mata ta Rockford a 1881, shekarar da mahaifinta ya rasu. Ta fara karatun likitanci a Philadelphia, rashin lafiya ya tilasta mata ajiye shi. Daga nan ta shafe shekaru cikin ruɗani: ga ilimi ga dukiya, amma babu aikin da zamanin ya yarda mace irinta ta yi.

Mafita ta zo mata a Landan a 1888, lokacin da ta ziyarci Toynbee Hall, gidan da waɗanda suka gama jami'a ke tarewa a cikin unguwar talakawa domin su koyar, su kuma koya. Da ta koma gida, ita da ƙawarta Ellen Gates Starr suka kama hayar wani tsohon gida a titin Halsted na birnin Chicago, suka tare a watan Satumban 1889. Suka bar masa sunan wanda ya gina shi, Charles Hull, aka riƙa kiransa Hull House.

Unguwar cike take da baƙin haure: Italiyawa, Jamusawa, Girkawa da Yahudawan gabashin Turai, akasarinsu leburorin masana'antu da maɗinka masu aiki a ɗakuna marasa iska. Gidan ya fara da wurin renon yara, ya ƙara da azuzuwan dare, ɗakin karatu, wurin wanka, filin wasa da ofishin nema wa mutane aiki. Cikin shekara ashirin ya zama rukunin gine-gine 13.

Sai dai sirrin gidan yana ga mazaunansa. Matashi ko matashiya da ke son shiga sai an gwada shi na wasu makonni kafin tsofaffin mazauna su amince da shi. Ba a biyansa albashi. Shi ne ma zai biya kuɗin ɗaki da abinci, ya kuma ɗauki wani aiki a wuyansa. Sharaɗi mafi girma shi ne zama a cikin unguwar. Addams ta yi imani cewa wanda ke zuwa da safe ya koma unguwar masu hali da yamma ba zai taɓa sanin ciwon mutane ba, domin na cikin ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ta kuma dage cewa matashin mai ilimi yana bukatar talakan kamar yadda talakan ke bukatarsa, don haka a gidan ana kallon mutanen unguwa a matsayin maƙwabta, ba mabarata ba.

Horon kansa a aikace ake yin sa. Mazauna suna bin gida-gida suna tambayar albashi, yawan mutane a ɗaki da shekarun yaran da ke aiki. A 1895 suka wallafa sakamakon cikin littafin Hull-House Maps and Papers, mai ɗauke da taswirorin da ke nuna ƙabila da abin da kowane gida ke samu. Da wannan suka koyi darasin da ya zama jarinsu: tausayi kaɗai ba ya sauya doka, sai an haɗa shi da hujja. Ita ma shugabar ba ta tsame kanta ba. A 1895 ta karɓi muƙamin mai duba kwasar shara ta mazaɓarta, tana fita da sassafe tana bin kekunan shara domin ta tabbatar 'yan kwangila sun yi aikin da aka biya su.

Sakamakon ya bayyana a kan waɗanda suka fito daga gidan. Florence Kelley ta iso a ƙarshen 1891 da 'ya'yanta uku, tana gudun auren da ya lalace. Binciken da ta yi kan maɗinka ya taimaka aka kafa dokar masana'antu ta Illinois a 1893, wadda ta haramta ɗaukar yaran da ba su kai shekara 14 ba, gwamna John Peter Altgeld kuma ya naɗa ta babbar mai duba masana'antu. Julia Lathrop, wadda ta tare a 1890, tana cikin waɗanda suka yi fafutukar kafa kotun yara ta farko a Amurka a 1899. A 1912 ta zama shugabar farko ta Hukumar Kula da Yara ta Tarayya, kuma wata 'yar gidan, Grace Abbott, ce ta gaje ta a 1921. Likita Alice Hamilton ta zauna shekara 22 a gidan, inda ta fara lura da cututtukan da ma'aikata ke kwasowa a wurin aiki, musamman gubar dalma. A 1919 ta zama mace ta farko da Jami'ar Harvard ta ɗauka koyarwa. Frances Perkins, wadda ta yi aikin sa kai a can tana matashiya, ta zama Sakatariyar Ƙwadago a 1933, mace ta farko a majalisar ministocin Amurka. Shi ma Mackenzie King, wanda daga baya ya zama Firaministan Kanada, ya ɗan zauna a gidan lokacin yana ɗalibi.

Farin jinin Addams ya gamu da jarrabawa a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1915 ta shugabanci taron mata masu neman sulhu a birnin Hague na ƙasar Holan, kuma ko da Amurka ta shiga yaƙin a 1917 ba ta janye adawarta ba. Jaridun da a da suke yabonta suka juya mata baya, wasu suka kira ta maciyiyar amanar ƙasa. Ta ci gaba da aikinta, ta zama shugabar ƙungiyar mata ta duniya mai neman zaman lafiya da 'yanci da aka kafa a 1919. A 1931 aka ba ta lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya tare da Nicholas Murray Butler, ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta samu wannan karramawa.

Ta rasu a Chicago a ranar 21 ga Mayun 1935 tana da shekara 74, aka binne ta a Cedarville. A 1963 aka rushe akasarin gine-ginen domin gina harabar Jami'ar Illinois, aka bar asalin gidan a matsayin gidan tarihi. Ƙungiyar da ta ci gaba da amfani da sunan ta rufe a 2012 saboda matsalar kuɗi. Amma tsarin da Addams ta girka, na tura matashi ya koyi aiki a tsakiyar jama'a kafin a damƙa masa ofis, ya zama ginshiƙin horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a, kuma ƙungiyoyin sa kai da dama na bin sa har yau.