Irving Langmuir, Masanin Da Ya Bi Diddigin Baƙin Ƙwan Lantarki

An haifi Irving Langmuir a Burukilin ta birnin Niyok, ƙasar Amurka, cikin 1881. Ya yi karatu a Jami'ar Kolombiya, sa'an nan ya ƙetare zuwa Jamus, inda ya sami digirin dakta a 1906. Bayan ya taɓa aikin malanta, sai kamfanin General Electric ya ɗauke shi a 1909.

A zamanin nan ƙwan lantarki ba ya daɗewa sai cikinsa ya yi baƙi, haske ya dushe, mai gida ya sake fid da kuɗi. Langmuir ya tabbatar cewa zaren ƙarfen da ke ciki ne yake tashi kaɗan-kaɗan saboda zafi, ya manne a jikin gilashi kamar yanar da ke kwanciya bisa madara. Sai ya nannaɗe zaren, ya cika ƙwan da iskar da ba ta cin wuta. Wannan dabara ta 1913 ta rage ɓarnar ƙwarai.

To, mu a ganinmu abin da ya fi fitilar muhimmanci shi ne yanar nan. Ya shiga auna ɗigon mai da ke bazuwa a kan ruwa, ya nuna kaurinsa bai wuce ƙwaya guda ba. Irin wannan bincike ya jawo masa lambar Nobel a 1932. Amma kada a manta da abokiyar aikinsa, Katharine Blodgett, wadda sunanta bai yi tashe kamar nasa ba. Ita ce a 1938 ta jera yana 44 bisa gilashi har ƙyallinsa ya ɓace, domin in kaurin ya yi daidai, hasken da ya dawo daga saman yanar da wanda ya dawo daga ƙarƙashinta sai su kashe juna. Aibinta ɗaya, tana da laushi, hannu ma yana goge ta.

Shi ne kuma a 1928 ya raɗa wa iskar da lantarki ya ratsa har tana haske suna filasma, ya aro sunan daga ruwan jini. Ya mutu a 1957, bai ga ranar da aka gama ayyukansa biyu wuri guda ba. Yau da filasmar ake shimfiɗa yanar silikon a kan gilashi. Ƙwayoyinta ba su jeru sahu-sahu irin na gishiri ba, a hargitse suke, amma kuwa tana shan haske sosai, har kaurin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba ya isa aiki. A 1975 Spear da LeComber na Jami'ar Dandi, a Sikotilan, suka gano hanyar sarrafa tafiyar lantarki a cikinta. Akawun da ke da na'urar lissafi mai aiki da hasken rana ya duba ɗan gilashin nan mai ruwan ƙasa da ke goshinta, galibi irin wannan yana ce.