Alhaji Abubakar Imam, Malamin da Ya Sa Aku Wa'azi

Tun daga Kano har Damagaram, da wuya ka sami mai karatun Hausar boko wanda bai taɓa jin sunan Magana Jari Ce ba. Littafi ne na sarakuna da fadawa, da aljannu da bokaye, da tsuntsu mai magana kamar mutum. Wanda ya rubuta shi kuwa ɗan malamai ne, mai riƙo da addini. Sunansa Abubakar Imam. To, yaya aka yi ɗan gidan alƙali ya zauna yana ƙaga labarin aljannu? Ga tarihinsa.

Asalinsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, cikin ƙasar Kwantagora. Yau garin yana cikin Jihar Neja ta Najeriya. Kada ku rikita ta da ƙasarmu Nijar, suna ne kawai ya zo kusa. Asalin kakanninsa daga ƙasar Barno suke, wato maƙwabtanmu mu mutanen Gure. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali. Saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga allo da tawada da littattafan Larabci a zaure. Karatun Alƙur'ani ya fara yi kafin ya san a, ba, ca.

Daga baya aka kai shi Katsina wurin wansa, Malam Bello Kagara. Can ya shiga lakwal. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, ya fito a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Gasar 1933

A wancan zamani yara suna koyon karatun Hausa da baƙaƙen boko, amma in sun iya, babu abin karantawa mai daɗi. Kamar a ba mutum hauya ne a hana shi gona. Sai wani Bature mai suna Rupert East, shugaban ofishin fassara na Zariya, ya shirya gasa a 1933. Ya nemi malamai su ƙago labari da Hausa.

Abin bai zo da sauƙi ba. A ganin malamai da yawa, alƙalami na addini ne da shari'a. Tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara, da dare bayan an ci tuwo. Babban mutum ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba? Ai wannan ƙarya ce, kuma zubar da girma ne.

Duk da haka wasu suka amsa. Littattafai 5 suka fito daga gasar: Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida da East, sai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam. Lokacin Imam yana ɗan shekara 22. Kun ga wa da ƙane duk sun ci.

Ruwan Bagaja

A cikin wannan littafi Imam ya saka kansa. Jarumin labarin sunansa Alhaji Imam, ɗan gidan malamai, mutumin Kwantagora. Ɗan sarki ya kwanta ciwo. Limamin da ya riƙe Alhaji ya ce ruwan Bagaja ne magani, sai aka yi masa dariya a fada, aka kunyata shi. Alhaji ya ɗauki alkawari sai ya samo ruwan, don ya wanke tsohon daga kunya. Ya yi shekaru yana yawon duniya, har ya shiga ƙasar aljannu.

Alhaji ba waliyyi ba ne. Yana da wayo, yana da tsiya. A hanya ya gamu da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, suka yi ta cutar juna gari gari, yau wannan ya kayar, gobe wancan ya rama. Mai karatu ya yi ta dariya. Amma ku duba abin da ya fitar da shi daga gida. Ba dukiya ba ce, ba sarauta ba. Girmama na gaba ne da cika alkawari. A ƙarshe kuma ba wayonsa kaɗai ya kai shi bakin ruwan ba, sai da taimakon Allah. Irin wannan labari na mai wayo da ake ta gamuwa da shi a garuruwa, Imam ya san shi daga Muƙamatul Hariri, littafin Larabci da malamanmu suke karantawa a zaure. Ashe ko a cikin littattafan malamai akwai ƙagaggen labari.

Magana Jari Ce

East ya ga yaron yana da baiwa. A 1936 aka ɗauko shi daga Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan tatsuniyoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, irin su Dare Dubu da Ɗaya. Cikin wata 6 ya rubuta Magana Jari Ce, littafi 3, labarai fiye da 80. Bai kwafa ba. Ya ɗauki ƙashin labari ya sa masa tsoka da rigar Hausa. Mutanen ciki suka koma masu cin goro, masu zuwa kasuwa, masu gaida sarki a fada.

Labarin ya fara da Sarki Abdurrahman, mai dukiya da mulki amma ba ɗa namiji. Ba a kai shi wurin boka ba. Malamai aka tara suka yi ta roƙon Allah, har aka haifi Musa. Waziri mugu, wanda ya so gadon sarauta, ya shiga ƙulla makirci. Da sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya so a fitar da Musa daga gida a hallaka shi. Wa ya tsare yaron? Ba barde ba, ba dogari ba. Aku ne. Duk lokacin da Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari, ya yi ta ja har gari ya waye. Da haka ya ceci ransa. Asirin Waziri ya tonu, aka naɗa aku waziri. A littafi na biyu Waziri Aku ya yi gasar labari da wani aku. A na uku ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih yadda ake magana.

A nan ne Imam ya ba masu cewa tatsuniya ƙarya ce amsa, ba tare da gardama ba. Maƙaryacin gaske a littafin shi ne Waziri, mai magana don ya cuci wani. Aku kuwa yana ƙaga labari ne don ya tsare rai. Kowa ya san tsuntsu ba ya riƙe sarauta, saboda haka ba a ruɗi kowa ba. Abin da ke cikin labarin shi ne gaskiya: mai haƙa ramin mugunta shi ke faɗawa, mai haƙuri yana tare da Allah, abin da aka rubuta wa bawa ba ya wuce shi. Wa'azi ne, amma an sa masa zuma.

Ba shi kaɗai ba

A shekarun nan kuma, can ƙasar Yarabawa, akwai wani malamin lakwal Kirista mai suna Daniel Fagunwa. A 1938 ya fitar da littafi da Yarabanci a kan wani maharbi da ya shiga dajin iskoki da dodanni. In maharbin ya shiga uku, layu suka kasa, Allah yake kira. Fagunwa ya rasu a 1963 a wani kogi kusa da Bida. Addininsu ba ɗaya ba ne da Imam, harshensu ba ɗaya ba, amma hanyarsu ɗaya: kowa ya ɗauki tatsuniyar gidansu ya zuba mata tsoron Allah.

Sauran aikinsa

A watan Janairu 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya. Imam ne editanta na Hausa na farko, ya yi shekara 12 a kai. Talakawa suna aiko wasiƙu da kukansu, yana bugawa. A 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ya tafi Ingila tare da wasu ƴan jaridar Afirka ta Yamma, cikinsu har da Nnamdi Azikiwe. Da ya komo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Daga baya ya shiga majalisa, ya kuma riƙe hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ta Arewa.

Bai bar alƙalami ba. Ya rubuta littattafan addini da Hausa, kamar Tarihin Annabi Kammalalle da Haji Mabuɗin Ilmi, don wanda bai iya Larabci ba shi ma ya samu. Hannun da ya rubuta labarin aku shi ne ya rubuta tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ran 19 ga watan Yuni 1981, yana da shekara 70. Allah ya jiƙansa. Ku da kuke koyon karatu yanzu, ku nemi Magana Jari Ce. Ku fara da gajeren labari ɗaya, kamar na Kalala da Kalalatu. Ku karanta a hankali, sa'an nan ku karanta wa mutanen gida da ƙarfi. Don irinku aka rubuta shi.

Tambayoyi

1. A wane gari aka haifi Abubakar Imam, kuma a wace shekara?
2. Don me wasu malamai suka ƙi rubuta ƙagaggen labari?
3. Me ya fitar da Alhaji Imam neman ruwan Bagaja?
4. Yaya aku ya ceci Musa?
5. Rubuta tatsuniya ɗaya da ka sani, ka faɗi abin da take koyarwa.