ƊANKASAWA: SARKIN DA YA RASA BIRNI AMMA BAI SAKI SUNANSA BA

Matafiyin da ya tashi daga birnin Katsina ya ɗauki hanyar Jibiya, idan ya wuce Daddara ya isa Magama, sai ya tarad da shingen iyaka. Daga nan kuma ƙasar Nijar ce. In ya ci gaba ya ratsa Ɗan Isa, ba da jimawa ba zai shiga Maraɗi, inda zai ji maroƙa suna yi wa basaraken garin kirari da sunan Sarkin Katsina. Watau ya baro Sarkin Katsina a bayansa da safe, ya kuma iske Sarkin Katsina a gabansa kafin azahar, alhali kuwa tsakanin fadojin biyu bai wuce kilomita 100 ba.

Wannan al'amari ya samo asali ne daga rayuwar mutum ɗaya, Sarkin Katsina Ɗankasawa, wanda aka naɗa shi a kan hanyar gudu, ya yi sarauta fiye da shekara 20, ya kuma rasu bai taɓa zama a kan gadon kakanninsa cikin Gidan Korau ba.

Gidan da ya fito

Ɗankasawa ɗa ne ga Sarkin Katsina Agwaragi, wanda ya yi mulki a ƙarshen ƙarni na 18. Gidansu shi ne gidan da ke jingina asalinsa ga Muhammadu Korau, sarkin da ake ɗauka shi ne Musulmin farko a sarautar Katsina, cikin ƙarni na 15. A lokacin ƙuruciyar Ɗankasawa birnin yana cikin manyan kasuwannin ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma daga Agadas da Gadamas suna sauka a cikinsa, fatake kuma suna fita daga gare shi zuwa Gwanja sayen goro. Wajen ilmi ma ba a bar shi a baya ba, domin shi ne garin Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, ga kuma hasumiyar Gobarau tana tsaye a tsakiyarsa.

Amma zamanin ba na kwanciyar hankali ba ne. Gobir ta yi ƙarfi a ƙarƙashin Bawa Jan Gwarzo, yawancin kwanakin Agwaragi kuma a fagen fama da Gobirawa suka ƙare. Bayan rasuwarsa sarauta ta shiga tangal-tangal. Cikin 'yan shekaru kaɗan aka yi Gozo, aka yi Bawa ɗan Gima, aka yi Maremawa Mahmudu, kowane bai daɗe ba. Gidan da ke sauya sarki kusan kowace shekara biyu, da wuya ya iya tsayawa gaban guguwar da ke tafe.

Faɗuwar birni

Cikin 1804 Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, jihadi ya tashi. A ƙasar Katsina mutum uku ne suka shahara da jagorancin jama'ar Shehu: Malam Ummarun Dallaje, da Malam Ummarun Dumyawa, da Malam Na Alhaji. An kashe Sarki Mahmudu a fagen yaƙi, Magajin Haladu ya gaje shi. Masu jihadi suka tsare hanyoyin birni har yunwa ta shiga, ruwaya ma ta ce sai da mutane suka koma sayen ƙadangaru don ci. Wajen 1807 birni ya faɗi.

Magajin Haladu ya fita da jama'arsa ya nufi arewa, ya ja daga a Ɗankama. Nan rundunar masu jihadi ta same shi, aka gwabza, aka karya shi. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce da ya ga babu mafita sai ya faɗa rijiya. Sauran manyan da suka tsira suka dubi 'ya'yan sarki da ke tare da su, suka zaɓi Ɗankasawa.

Ya kamata mai karatu ya lura da irin sarautar da aka ba shi. Babu birni, babu fada, babu kasuwar da za a karɓi kuɗin fito. Abin da ya gada shi ne suna, da 'yan dawakin da suka rage, da jama'ar da ta ƙi miƙa wuya. Daga wannan rana Katsina ta zama tana da sarki biyu: Ummarun Dallaje cikin birni da tutar Shehu, da Ɗankasawa a daji da da'awar gado.

Zaman baƙunci

Daga Ɗankama ya wuce Damagaram, wadda a lokacin ƙaramar ƙasa ce mai biyayya ga Barno, hannun masu jihadi bai kai gare ta ba. Ya ɗan zauna can, sa'an nan ya koma Gafai, inda ya shafe shekaru masu dama yana jiran lokaci. A wannan zama ne ya yi aikin da ya fi kowane tasiri a rayuwarsa, ko da yake ba aikin takobi ba ne: ya hana jama'arsa narkewa cikin mutanen da suka ba su masauki. Ya riƙe fada ko da ta zana ce, ya ci gaba da naɗa sarautu, ya kuma tsaya a kan cewa shi Sarkin Katsina ne, ba baƙon wani sarki ba.

Ba shi kaɗai ne ya sami kansa cikin wannan hali ba. Sarkin Zazzau Makau ya gudu kudu zuwa Zuba, ƙaninsa Abu Ja ya kafa Abuja cikin 1828, garin da ake kira Suleja yanzu, kuma gidan bai saki sunan Sarkin Zazzau ba. Sarakunan Kabi sun koma Argungu da sunansu. Gidan Daura ya watsu zuwa Zango da Baure, har Turawa suka maido da shi birni cikin 1906. Sarkin Kano Alwali kuwa an kashe shi a Burumburum, gidansa bai sake kafa daula ba. Bambancin da ke tsakanin waɗanda sunansu ya ɗore da waɗanda nasu ya ɓace shi ne samun wurin tsayawa.

Shiga Maraɗi

Wurin tsayawar Ɗankasawa ya zo masa daga kwarin Gulbin Maraɗi. Maraɗi tsohon gari ne na ƙasar Katsina, bayan faɗuwar birni kuma ya shiga hannun sababbin masu mulki, suka ajiye wakilinsu mai suna Mani. Mutanen kwarin, waɗanda da yawansu Maguzawa ne manoma da mafarauta, ba su ji daɗin riƙonsa ba. Suka yi shiri da Ɗankasawa, suka tashi suka kashe Mani, suka buɗe masa gari. Wannan ya faru wajen 1819.

Wurin ya dace da bukatarsa. Kwarin yana da ruwa da ƙasar noma, kurmi ya kewaye shi ta yadda dawakin abokan gaba ba sa sakewa, ga shi kuma 'yan kwanaki kaɗan ne a kan doki zuwa ganuwar Katsina. Ɗankasawa ya ƙarfafa garin, ya kuma shimfiɗa mulki bisa tsarin tsohon birni. Manyan 'yan majalisa huɗu, watau Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi, su ne masu zaɓen sarki, Ƙaura kuma shi ne shugaban mayaƙa. Sarautar Iya ta mata ta ci gaba da matsayinta. Abin lura a nan shi ne bai kira kansa Sarkin Maraɗi ba. A ganinsa Maraɗi sansani ne, gida yana can kudu.

Sauran shekarunsa a kan sirdi suka ƙare. Ya ƙulla ƙawance da Gobirawan da su ma suka rasa Alƙalawa tun 1808, da wasu Abzinawa, ya janyo garuruwan arewacin Katsina daga hannun Ummarun Dallaje, ya kuma tsare Maraɗi daga hare-haren da aka kawo mata. Amma ƙofar birni ba ta buɗe masa ba. Ya rasu wajen 1830, Rauda ya gaje shi.

Wa ke da sunan?

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba hujjar wasa ba ce. Mutanen birni sun dogara ga tutar Shehu. A wurinsu tsofaffin sarakuna sun gauraya Musulunci da al'adun gargajiya, sun ɗora wa talakawa abin da shari'a ba ta ɗora ba, saboda haka mulki ya fita hannunsu bisa ƙa'ida. Bugu da ƙari birnin kansa yana hannunsu, da Gidan Korau, da takobin nan Gajere da ake danganta shi ga Korau. Mutanen Maraɗi kuwa sun dogara ga jini da zaɓe. A wurinsu sarauta ba ganuwa ba ce, duk inda jikan Korau ya zauna bisa zaɓen masu zaɓe, nan Katsina take.

Abin mamaki shi ne waɗanda suka ci birni ba su sauya masa suna ba, ba su kuma rushe tsarin sarautunsa ba. Har yau akwai Ƙauran Katsina a Rimi, da Galadima a Malumfashi, da 'Yanɗaka a Dutsin-Ma, da Durɓi a Mani, kamar yadda ake da masu waɗannan sunaye a Maraɗi. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya ja hankalin masu nazari da kada su mayar da rikicin na Fulani da Haɓe kawai, domin rabuwar ta ratsa malamai da attajirai da masu sarauta ba bisa ƙabila ɗaya ba.

Irin wannan jayayya ba a ƙasar Hausa kaɗai take ba. Birnin da Turkawa ke kira Istanbul, Girkawa har gobe da sunan Sarki Kustantin suke kiransa, wanda ya mayar da shi babban birninsa cikin shekara ta 330, shi ne Larabawa suka sani da Kustantiniyya. Cikin 1204 mayaƙan Turai suka ƙwace shi, sarakunansa suka koma Nikiya suka riƙe sunan sarautarsu shekara 57, har suka komo cikin 1261. Wannan shi ne abin da Ɗankasawa ya nema bai samu ba. Da Sarki Muhammadu na Biyu ya ci birnin cikin 1453, daular Usmaniyya ta ci gaba da rubuta tsohon sunan a kan kuɗi da takardun mulki, sai cikin 1930 Turkiyya ta nemi ƙasashen waje su tsaya ga Istanbul. Ginin Aya Sofiya, wanda aka gama cikin 537 a matsayin majami'a, ya zama masallaci a 1453, ya zama gidan tarihi bisa dokar 1934, ya sake zama masallaci a 2020, Girka kuwa ta nuna rashin amincewarta. Sai dai akwai bambanci babba. Girkawa da Turkawa harshe da addini sun raba su. Katsinawan birni da na Maraɗi kuwa harshensu ɗaya, alƙiblarsu ɗaya, auratayya kuma ba ta yanke ba.

Abin da ya bari

Yaƙin da ya fara ya fi shi tsawon rai. Cikin 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya ƙawancen a Gawakuke, inda aka kashe Rauda tare da Sarkin Gobir Ali. Duk da haka Maraɗi ba ta faɗi ba. Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da ita, a zamanin Ɗan Baskore kuma mahayanta suka riƙa kutsawa can cikin ƙasashen daular Sakkwato.

Wanda ya fi kowa biyan kuɗin wannan jayayya shi ne birnin da ake jayayya a kansa. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya sauka Katsina cikin 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwarta mil 13 zuwa 14, amma mazaunanta ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Fatake sun karkata zuwa Kano, wadda ta fi nisa da bakin daga. Ƙauyukan da ke tsakanin ɓangarorin biyu, har da yankin da Daddara da Jibiya suke, su ne suka zama turbar mahara, mutane suka riƙa tashi suna barin gonakinsu. Maraɗi ma ba ta tsira daga rabuwa ba, domin a shekarun 1890, zamanin da Ƙaura Hasau ya fi sarki ƙarfi, Sarki Mijinyawa ya koma Tasawa.

Daga ƙarshe Turawa ne suka raba gardamar ba tare da sun warware ta ba. Ingila ta shiga Katsina cikin 1903. Yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka ba Faransa hanya mai ruwa tsakanin kogin Kwara da Damagaram, Maraɗi ta faɗa rabonta. Layin da aka shata ya bi kusan inda bakin daga yake tun zamanin Ɗankasawa. A birni sarauta ta koma gidan Muhammadu Dikko cikin 1906. Tsohon garin Maraɗi na cikin kwari kuwa ambaliyar 1945 ta cinye shi, aka sake gina shi a kan tudu.

Iyakar nan an rufe ta cikin 2019, an kuma sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023, kowane karo talakawan ɓangarorin biyu ne suka fara jin jiki. Cikin 2021 aka aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Gulbin da ya ba Ɗankasawa mafaka shi ma daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratsa Jibiya, ya shiga Nijar ya wuce Maraɗi, sa'an nan ya komo Nijeriya ya haɗu da Rima. Ɗalibin da ke son sanin tarihin Katsina dole ya karanta shi daga fadojin biyu, domin rabinsa yana wannan gefen shingen Magama, rabinsa yana wancan. Allah ya jiƙan magabata.