Martin Miguel de Güemes, Jagoran Makiyayan Ajantina

Duk inda ake cin gasasshen naman Ajantina da suke kira asado, akan tuna da gaucho, wato makiyayan shanu mahaya dawaki. Yau mun kawo muku tarihin babban jagoransu.

An haifi Güemes a garin Salta ranar 8 ga Fabrairu 1785. Salta babbar kasuwar alfadarai ce a lokacin, daga nan fatake ke kora su zuwa ƙasar da ake kira Bolibiya yanzu. A 1815 ya zama gwamnan lardin. Makiyayan da ya tara su ne suka tsare iyakar arewa, su auka wa sojojin Sifen, su ɓace cikin daji. Ya kuma yafe wa mayaƙansa kuɗin hayar gonaki.

Amma yaƙi ya toshe hanyar fatauci, ga shi ya ɗora wa attajirai nauyin ciyar da runduna. Mu mazauna bakin iyaka mun san abin da rufe hanya ke yi wa ciniki. Attajirai da dama suka juya masa baya. Sojojin Sifen sun harbe shi ranar 7 ga Yuni 1821, ya mutu bayan kwana 10, yana da shekara 36. Tun 2016, ranar 17 ga Yuni hutu ce a Ajantina don tunawa da shi.