Mamman Shata, ɗan Ibrahim Yaro

An haifi Mamman Shata a garin Musawa, cikin ƙasar Katsina ta Nijeriya, a shekara ta 1923. Sunan ubansa Ibrahim Yaro, sunan uwarsa Lariya. Fulani ne. A gidansu ba a taɓa rataya ganga ba.

A zamanin nan kowace sana'a da gidanta. Ɗan maƙeri shi ke ƙira, ɗan mahauci shi ke fawa, ɗan makaɗi shi ke kiɗa. Wanda ya ɗauki kiɗa alhali bai gada ba, haye ake ce masa. Kuma mutane suna lissafa mawaƙi cikin maroƙa. Ana jin daɗin waƙarsa, ana yi masa kyauta, amma ba kowa ke son ba shi ɗiya ba.

To, ga Mamman da murya, ga shi da baki. In dare ya yi, samari da ƴan mata suka taru a dandali, shi ke ba da waƙa, suna amsawa. Ba kuɗi yake nema ba, nishaɗi ne na ƙuruciya. Amma da labari ya kai kunnen ubansa, sai ransa ya ɓaci ƙwarai. A ganin Ibrahim Yaro waƙa roƙo ce, roƙo kuwa zubar da mutuncin gida ne. Ya hana shi. Wannan suka ta fi kowace zafi, don ba daga bakin maƙiyi ta fito ba, daga bakin mahaifi ta fito. Kada a ga laifin tsohon da yawa: abin da ya tarar ke nan, kuma sunan gidansa yake tsaro.

Mamman ya kama talla. Ya sayar da goro, ya sayar da alewa, yana bin kasuwanni. Sai dai ko a kasuwar, waƙar ba ta rabu da shi ba. Daga baya ya ajiye tallar, ya bar Musawa, ya koma Bakori, inda Abdullahi Inde, wani ɗan sarautar Musawa, ya riƙe shi. Can ya sami sarari ya tsaya ga waƙa sosai, da makaɗan kalangu da ƴan amshi.

Ko cikin mawaƙa, hanyarsa dabam ce. Manyan mawaƙan fada kowa da sarkinsa. Ibrahim Narambaɗa, mai kiɗan kotso, na Sarkin Gobir na Isa ne. Shi ne ya yi waƙar dokin nan Ɗan Filinge, wadda tsofaffin ƙasar Kurfai suka sani. Shata kuwa da kalangu ya fito, kiɗan mahauta da na ƴan mata a dandali, wanda ba a ɗauke shi kiɗan manya ba. Da wannan kalangun da aka raina ya shiga fadar sarakuna. A shekara ta 1952 ya yi wasa a Kano, wajen bikin auren ƴaƴan sarki. Daga nan sunansa ya bazu.

Shata ba ya zama ya shirya waƙa a gida. In ya tsaya gaban jama'a, aka buga kalangu, nan take yake ƙaga ta. Amshinsa gajere ne, ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe. Ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya yi wa manoma da direbobi da mata. Ya yi wa sojoji lokacin yaƙin basasar Nijeriya, daga 1967 zuwa 1970. Har kumbon Apollo 11, wanda Amurkawa suka tura wata a 1969, sai da ya sami tasa waƙar. Shi kansa bai san yawan waƙoƙinsa ba.

Shahara ba ta kashe bakin masu suka ba. Malamai da yawa sun ƙi waƙarsa ta A Sha Ruwa, don kowa ya san ruwan da ake nufi. Waɗansu kuma suna ganin zambonsa ya yi kaifi, kuma da gaskiyarsu, don wanda Shata ya yi wa zambo ya daɗe bai manta ba. Shi dai bai ajiye waƙa ba. In an matsa masa, a cikin waƙar yake mai da amsa, kamar yadda ya yi a Bakandamiyarsa, inda ya yi wa kansa kirari.

Ya zauna Funtuwa shekaru masu yawa. Ya yi aikin hajji, ya zaga ƙasashen Afirka ta Yamma, ya je har Amurka. Rediyon Kaduna da faya-fayen garmaho da kaset suka kai muryarsa ko'ina ake jin Hausa, har Filinge da Tabla. A shekara ta 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa. Tun daga ranar ake kiransa Dokta Mamman Shata.

Ya rasu a Kano ran 18 ga watan Yuni na 1999. Aka kai gawarsa Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya yi wa waƙoƙi da dama, aka rufe shi can.